Motocin Sallah ba Kawu Lawali ya yi su ba

Matamaye, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga yaron Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Maraɗi lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai masu tsoron Allah. Na san ba za ka ga wannan takarda ba sai ka kwance jakarka a can, domin a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli zan sa ta, kai da ƙuli kuwa ba ku daɗewa ba ku gaisa ba.

Ka yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Ban taɓa yi ba, ban kuma san ko ya dace ba. Kai ne ɗana na fari, ka kuwa san yadda ake yi a wurinmu. Ba na kiran sunanka, ba na zama hira da kai. Tun da aka yaye ka kakarka Hajiya ta ɗauke ka zuwa Kurni, ka tashi kana ce mini Yaya kamar yadda ƙannen babanka suke faɗa. Shekara goma sha tara maganata da kai ba ta wuce "ka ci abinci?" da "a gai da Hajiya" ba. Sau uku na tsara wannan wasiƙa a bayan kayen ƙanwarka, littafin rubutunta na makaranta, kafin na kwafe ta a farar takarda, kamar yadda aka koya mana a kolej.

Abin da ya tilasta mini shi ne abin da ya faru shekaranjiya Litinin, da aka taru a tsakar gida cin abincin sallamarka. Ina madafi ina kwashe miya na ji ka miƙe, ka ce akwai mutum ɗaya da kake son gode wa. Ka ce ƙananan motocin ƙarfen nan da Kawu Lawali yake kawo maka kowace Sallah tun kana shekara huɗu, su suka sa ka zaɓi karatun injuna. Ka ce hannun Kawu ne makarantarka ta farko. Ka kuma yi alkawarin duk wata za ka aiko masa da zanen da kuka yi a makaranta, ya duba ya gyara maka inda ka kuskure. Ka tuna yadda fura ta sarƙe shi har babanka ya riƙa bubbuga masa baya? Ba laifin furar ba ne.

Da aka watse sai ga shi a bakin madafi yana share hawayen tari da hannun riga.

Ya ce, "Hadiza, yau kam ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ni fa mai sayar da rake ne. Ko layi ban iya ja a miƙe ba, wai ni za a aiko wa zane daga Maraɗi in gyara!"

Na ce, "Yaya Lawali, yi magana a hankali mana."

"Shekara goma sha biyar ina magana a hankali. Na ci yabon da ba nawa ba har ya ginshe ni. Ko ki faɗa masa, ko ranar Alhamis da za a raka shi in tsaya tsakiyar tasha in yi shela."

Ka san Kawunka, zai iya.

To, ga maganar. Motocin nan duka ni na yi su. Kawu ɗan aike ne. Abin da nake tsoro shi ne ka ga kamar mun yi wasa da hankalinka, ka juya mini baya a daidai lokacin da na samu bakina ya buɗe. Shi ya sa zan faɗa maka yadda abin ya faro da kurakuran da na tabka a hanya. Ba ni da wata nasiha da ta wuce su, don ban taɓa zuwa Maraɗi ba balle in ce maka ga yadda ake zama a can.

Ina shekarata ta biyu a kolej babanmu, Allah ya jiƙansa, ya sayo kwat na gwanjo ranar kasuwa, aka ba ni wanki. A aljihun ciki na ji wani abu mai nauyi. Wata 'yar mota ce, tsawonta bai wuce yatsana na tsakiya ba, amma ta cika tafin hannu da nauyi. Ƙofofinta suna buɗewa. In ka danna ta sai ta lotsa ta dawo kamar motar gaske. Fentinta duk ya ƙuje. Na zauna bakin bahon wanki ina tunanin yaron da ya manta da ita a wata ƙasa mai nisa, da yadda ta biyo dilar kaya har ta iso Matamaye. Sai na ga ai baƙuwa ce, ba ta yi kama da ko mota ɗaya ta garinmu ba. Na ƙudura zan mai da ita 'yar gida: in yi mata abin ɗora kaya a rufi, in lafta mata buhuna, ta zama irin motocin da suke zuwa daga Kance da Tsauni ranar kasuwa.

Abin ɗora kayan aikin maƙeri ne, ni kaɗai kuwa ba zan iya zuwa maƙera ba, sai na roƙi Kawunka ya raka ni. A makon nan kuwa malaminmu na kimiyya, Mushe Amadu, ya koya mana mayen ƙarfe, na kuma gwada shi a jikin motar a ɓoye, bai kama ba. Na san ba baƙin ƙarfe ba ce, wani haɗi ne mai taushi da wuta kaɗan take narkarwa. Na sani sarai.

Maƙerin ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan wane irin ƙarfe ne, 'yan lakwal masu boko?"

Amsa tana kan harshena. Amma dattawa biyar ne zaune a rumfar, duk suka juyo suna kallona, sai na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabina.

Kawunka ya ce, "Ƙarfe dai ai ƙarfe ne, Baba. Sa mata wuta!"

Aka zuga sau uku, motata ta zauna kamar man shanu a rana. Maƙerin ya ɗago wani ɗan curi mai sheƙi da awartaki, tayoyi suna hayaƙi, ya ce, "To, ga motarku. Direba dai ya tsira?" Rumfa ta ɗauki dariya. A hanyar gida na ce wa Kawunka dama na san za ta narke. Ya tsaya cak ya ce, "Kin sani kika yi shiru? Bakin naki na cin tuwo ne kawai?"

Inda za ka akwai garaji, akwai manya masu furfura da suka shekara talatin suna kwance inji. Ka gaishe su, ka ɗauki kayansu, ka saurara. Amma ran da ka ga za a sa wuta inda ka san zai ɓaci, ka durƙusa ka faɗa. Ladabi daban, shiru daban, na daɗe ban gane haka ba. Idan kuma ba ka sani ba, don Allah kada ka amsa da ƙarfi irin na Kawunka.

Bayan wannan masu gwanjo suka san ni. In sun kwance dila suka ga 'yar mota a ƙasa sai su ajiye, su ce, "A bar wa 'yar Malam mai shiru-shirun nan." Da kaina na gano yadda ake buɗe su. A ƙarƙashin kowace akwai kan ƙusa biyu da aka daddale, in ka goge su a hankali da bakin magagari sai motar ta rabu gida huɗu: jiki, ƙasa, gilashi da kujeru. Na gano ruwan sodar da innarmu take sabulu da shi yana cinye tsohon fenti ya bar ƙarfen fes. Na kuma gano yana cin fatar mutum. Tabon nan na wuyan hannuna na dama, da kowa yake tsammanin man suya ne, na soda ne. Saboda haka in an ba ka safar hannu da tabarau a makaranta ka sa su, ko da abokai za su ce ka cika tsoro. Su ba za su ara maka ido ba.

Kuskuren da ya fi sa ni kuka a lokacin, yanzu kuma ya fi sa ni dariya, da motar Mushe Amadu na yi shi. Yana da wata tsohuwar shuɗiyar mota da yake gangarowa a kan katako in zai koya mana gudu da nisa. Ni ke riƙe da makullin kabad ɗin aji, don haka da za a tafi babban hutu ya ce in je da ita gida kada ta ɓace. Na duba ta, ga ƙujewa ko'ina, ga lotsawa a gefen hagu, ga wasu ɗigo-ɗigo a rufi. Tausayinta ya kama ni. Na ce malamin da ya koya mana abubuwa da yawa bai kamata ya riƙa yawo da mota kamar ta ɗan tsince ba. Na buɗe ta, na jiƙa a soda, na cike lotsawar da gam da toka, na goge, na shafa mata jan farcen yayata har hawa uku. Ta fito tana ƙyalli kamar tumatir ɗin lambu. Ran da aka koma lakwal na naɗe ta a hankici na ajiye a kan teburinsa, na zauna ina jiran yabo.

Ya kwance hankicin. Ya juya motar a hannu, ya ɗago ya dube ni.

"Hadiza, ina motata?"

"Ga ta nan, Mushe."

"A'a. Wannan amarya ce. Tawa tsohuwa ce."

'Yan aji suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce babansa direban babbar mota ne, shi ya kawo masa ita daga tafiya. Lotsawar gefen hagu ta ran da suka yi tsere da wansa a kan duwatsun Damagaram ce. Ɗigo-ɗigon rufi kuwa haƙoran ƙanwarsa ne lokacin da take fitar da su, ga shi yanzu tana da 'ya'ya shida. Ya ce, "Kin wanke mini ƙuruciyata da soda, yarinya."

Na kifa kai a tebur na yi kuka har aka tashi. Da kowa ya fita ya kira ni, ya juya motar ya nuna ƙasanta ya ce, "Wa ya koya miki buɗe ta ba ki fasa gilashi ba?" Na ce ba kowa. Ya girgiza kai. Mako na gaba ya kawo mini ɗan abin huda ƙarfe na hannu, wanda har yau da shi nake aiki, ya ce, "Hannunki yana da kyau. Amma daga yau, kafin ki taɓa kayan mutum, ki tambaye shi abin da yake so a bari." Ya ci gaba da gangaro da jar motar a kan katako har muka gama, duk ran da ya ɗauko ta kuma sai ya ce, "A ba amarya hanya."

Tun daga ranar, in tsohuwar mota ta zo hannuna da sauran fentinta na asali, sai in wanke ta da sabulu kawai in ajiye. Waɗanda suka karye, suka rasa taya, ba mai so, su nake yankawa in sake musu kama. Kai ma in an kawo maka inji, fara tambayar mai shi. Ba inji kaɗai ba. Za ka zauna ɗaki ɗaya da yaran da ba ka san inda suka fito ba, wani zai yi magana wani iri, wani zai ci abinci wani iri. Kada ka yi saurin ɗauko soda. Ba ka san haƙoran wa suka yi wannan ɗigon ba.

Na ci birebe, jarrabawar gama kolej, aka yi aurena da babanka. Ran da ake jera ɗaki ya ga wani gwangwanin madara babba a ƙarƙashin gado, ya ɗauka kayan ƙamshi ne, ya buɗe ya ga motoci goma sha. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya zauna a tabarma ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ashe kanikiya na auro ban sani ba. To, kekena ma birkinsa ba ya ci." Bai taɓa yi mini gori ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba, don na roƙe shi. Idan lokacinka ya yi, Allah ya ba ka wadda za ta buɗe gwangwaninka ta zauna ta jera.

Sai aka haife ka, sai aka yaye ka, sai Hajiya ta goya ka kuka hau motar Kurni. Ban yi kuka a gaban kowa ba, an yaba mini ƙwarai. Kada ka ɗauka ina ƙorafi. Hajiya ta riƙe ka riƙon da ni ba zan iya ba, ta ba ka tarbiyya da ƙiba. Amma duk ranar kasuwa in na ji ƙarar tsohuwar farar akori-kurar nan da take kawo mutanen Kurni, sai hannuna ya tsaya a kan abin da nake yi.

Ita na fara yi maka. Na samu wata ƙaramar mota da bayanta ya fashe, na yanke shi da guntun zarto, na lanƙwasa gwangwanin tumatir na yi mata akori. Na ɗinka buhuna shida ƙanana na cika su da gero, na gina akuya da yumɓu na ɗaure ta a sama da zare. A goshinta na rubuta "Allah ya kiyaye" da tsinin allura, sau huɗu ina gogewa. Wata biyu na yi a kanta, tsakanin azahar da la'asar, in na gama aikin gida. Da Sallah ta zo na rasa yadda zan ba ka. Uwa ta miƙa wa ɗan fari abin wasa da hannunta, a ce me? Sai na ba Kawunka na ce, "Ka kai wa yaron Hajiya."

Ya dawo yana dariya. Ya ce ka riƙe ta da hannu biyu, ka leƙa ƙarƙashinta, ka ce, "Kawu, kai ka yi?" Shi kuma ya ce, "Wa kake zato?"

Na ji daɗi. Wannan shi ne babban kuskurena, ya kuma fi sauran daɗewa saboda shi ba ya ƙona hannu, ba ya sa a yi wa mutum dariya a rumfa. Na samu inuwar da zan ɓoye. Zan faɗa maka gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: ba kunyar ɗan fari kaɗai ba ce. Har da tsoro. Na ga in motar ta yi kyau zan ji daɗi a ɓoye, in ta yi muni kuwa ta Kawu ce.

Ka tuna kana shekara tara, kuka zo gari da Hajiya, ka zo da motar da sandar tayarta ta karye, ka kafe sai Kawu ya gyara a gabanka? Ya yi gumi ya ce, "Babban injiniya ba ya aiki sai ya yi ƙailula." Ya ba ka rake gaɓa biyar ya ce ka zauna a zaure kada ka motsa, ya zagaya ta bayan gida ya miƙo mini ita ta saman katanga yana cewa, "Yi sauri, yaron nan yana shan rake kamar injin niƙa." Na sa allurar ɗinki a madadin sandar, na miƙa masa. Ina bayan labule na ji ka gangara ta a daɓe, ka ce, "Kawu, tana ja hagu. Tayar baya ɗaya ta fi 'yar'uwarta fita."

Raina ya ɓaci. Na ce ji yaro, ɗan shekara tara, zai koya mini aikina. Da kuka shiga gaida maƙwabta na aika aka ɗauko mini ita, na auna da tsinken ashana. Gaskiyarka ce. Na zauna a bakin gado ina dariya ni kaɗai har ƙanwarka da ke bayana ta farka. Ranar na san idonka ya fi nawa, ban kuma taɓa jin daɗin kuskure kamar na ranar ba. In wanda bai kai ka ba ya gyara maka aiki, ka yi fushinka a ciki na ɗan lokaci in ya zama dole, sannan ka je ka auna.

Wataƙila har yanzu kana cewa ko Yaya wasa take yi. Na ga ka naɗe motoci uku a cikin safa ka sa a jaka, har da koriyar gingimarin rake, wadda na yi mata bodi da tsinken ashana na loda mata tsinken tsintsiya a matsayin rake. Ɗauko ta ka dubi rufin gaba. Akwai shatin babban yatsa a cikin fentin. A shekarar azumi ya sha kaina, ban yi mata hawa na biyu ba sai ranar jajibere da rana, ga cincin a wuta, ga Kawunka a ƙofa yana cewa motar Kurni za ta tashi. Na ɗauke ta fenti bai bushe ba. Na ji labarin ka tambaye shi, ya ce maka tambarin kamfani ne. Dubi girman yatsan da kyau, sannan ka tuna na Kawunka, mai kama da gaɓar rake. Fenti ba ya jin lallashi, ba ya jin Sallah gobe ce. Abin da yake son kwana biyu ka ba shi kwana biyu, ko ka fara da wuri, ko ka ce wa mai jira ya yi haƙuri. Jarrabawa ma haka take.

Jiya na tattara ƙarfin halina na shiga wurin Hajiya, tunda tana nan gidan har ka tafi. Na durƙusa na fara kame-kame. Ban kai rabi ba ta ajiye carbinta ta riƙe ciki tana dariya.

Ta ce, "Ke 'yar nan! Tun motar farko na sani. Buhunan da ke bayanta ba da ƙyallen zanen da na ba ki ranar suna aka ɗinka su ba? Ni zan manta zanena? Angona ne kaɗai bai gane ba, shi ma don maza ba su kallon zane."

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ina ruwana? Ina jira in ga ran da bakinki zai tsiro. Kunya aka ce ki yi, ba a ce ki ɓace ba. Mu ma mun yi kunyar 'ya'yan fari, amma babansa ya san hannun da ya dama masa fura."

Na fito daga ɗakinta kamar an sauke mini tulu daga ka. Ka ga ashe gida duka an sani, babanka, Hajiya, har matar Kawu. Ni kaɗai nake gadin ƙofar da ba ta da bango.

Saboda haka ga abin da nake so ka riƙe fiye da sauran. In ka yi aiki, ka tsaya kusa da shi. In ya yi kyau naka ne, in ya ɓaci naka ne, ka amsa a gyara maka. Na ga alamun halina a jikinka: kana sunkuyar da kai in baƙi sun yi maka tambaya, kana barin wani ya faɗi amsar da ka riga shi sani. Kunya ado ce, ina son ka da ita. Amma kada ka bari ta cinye maka shekara goma sha biyar. In kana son mutum da alheri kuma, ka bari ya sani tun yana kusa, kada ka jira sai an ɗaure masa jaka.

Kada ka riƙe Kawunka a rai. Bai iya ja layi ba, amma shi ya riƙa tona dilolin gwanjo a Damagaram yana nemo mini tsofaffin motoci, masu kaya suna yi masa tsiya wai ƙato da gemu yana sayen kayan wasa. Shi ya kai maka su Kurni, wata shekarar cikin ruwan sama a kan keke, motar tana cikin hularsa. Godiyar da ka yi masa ranar Litinin ba ta faɗi ƙasa ba, rabinta nasa ne halal. In ka kira shi ka tsokane shi yadda kake so, ya shirya, amma ka ƙara gode masa.

A aljihun gefen jakarka na sa wata jar motar kashe gobara. Tsohuwa ce sosai, tsaninta yana miƙewa, tayarta ɗaya ta ɓace. Shekara goma sha ɗaya tana gwangwanina, na kasa yanke shawara ko ta bari ce ko ta sakewa. Kai ka duba da idon nan naka. Abin da ka ga ya dace da ita ka yi.

Sauran ka san su, Hajiya ta riga ni faɗa: salla a kan lokaci, gai da mai masauki safe da yamma, kada ka zauna da yunwa don jin nauyin tambayar inda ake sayar da abinci. Babanka yana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, sun riga sun fara rigima a kan tabarmarka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka a hannunka da karatunka, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Saura roƙo biyu, in ban cika maka kunne ba. Zanen nan da ka ce za ka riƙa aikowa, in ba ka ƙi ba, ka aiko mini. Ban yi karatun injuna ba, ba lalle in gane komai ba, amma ina son in gani, kuma in layi ya karkace zan faɗa. Na biyu, ina neman izininka in sake rubuto maka. Akwai abubuwa da yawa da suka taru, takarda ɗaya ba ta ɗauke su ba. In ka ga abin ya yi maka nauyi ba zan ji haushi ba, sai mu koma yadda muke, ba abin da zai ragu a addu'ata.

In kuwa ka yarda, kada ka ba Kawu saƙo, kada ka ba babanka. Lambata tana wayarka. Ka kira ni da kanka, da hantsi, lokacin da gida ya yi shiru. Mai yiwuwa in ɗauka in kasa cewa komai. Kada ka kashe, kada ka ce layi ne ba kyau. Ka yi ta maganarka kawai. Ina nan, ina jin ka.

Mahaifiyarka,
Hadiza